Wardin Knock Out: Yadda Sauƙin Reno Ya Buɗe wa Wata Cuta Ƙofa

A shekarar 2000 kamfanin Conard-Pyle da ke jihar Pennsylvania a Amurka ya fito da wani sabon irin wardi kasuwa, mai suna Knock Out. Furensa ja ne, ganyayen furen 'yan kaɗan ne a jeri ɗaya, ƙamshinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Wanda ya saba da manyan furannin wardi masu kauri da ake ɗaurewa a bayar kyauta zai iya wuce shi bai waiwaya ba. Duk da haka, cikin 'yan shekaru ya zama wardin da aka fi saye a Amurka. An dasa gomman miliyoyinsa a ƙofar gidaje, da tsakiyar tituna, da harabar bankuna da asibitoci da gidajen mai. Dalili ɗaya ne: yana yin fure ya sake yi, tun daga ƙarshen sanyi har sanyi ya dawo, ba tare da an bi shi da feshin magani ba.

Bayan shekara goma sha, a jihohi irin su Teksas da Oklahoma da Tennessee, sai ga ma'aikata suna tumɓuke irin waɗannan shukoki layi-layi suna cusawa a buhunan leda, saboda wata cuta mai suna rose rosette. Abin da ya faru tsakanin waɗannan lokuta biyu shi ne batunmu, domin a cikinsa akwai kusan duk abin da mai son renon wardi mai maimaita fure ya kamata ya sani.

Wahalar da aka gada

Yawancin tsofaffin wardin Turai sau ɗaya suke fure a shekara. Su yi makonni kaɗan suna ado, shi ke nan sai baɗi. Halin maimaita fure daga ƙasar Sin ya zo, lokacin da aka kai wardinta Turai a ƙarshen ƙarni na 18. Masu haɗa iri suka yi ta barbarar na Sin da na Turai, har a 1867 aka samu La France a Faransa, wanda ake lissafawa a matsayin farkon wardin zamani. Bambancin yana ga inda furen ke fitowa. Mai fure sau ɗaya yana ɗora furensa a kan rassan bara. Mai maimaitawa kuwa duk sabon reshen da ya tsiro, fure ne a ƙarshensa. In furen ya faɗi, idanun da ke ƙasa da shi su toho, su zama sababbin rassa, su ma su ƙare da fure. Haka abin ke zagayawa, kusan kowane mako biyar zuwa shida.

Sai dai an samu fure, an rasa ƙarfin jiki. Shekara da shekaru masu haɗa iri suna zaɓen mai girman fure da kyan launi, ba su cika damuwa da lafiyar ganye ba, tunda akwai maganin feshi. Babbar abokiyar gabar waɗannan wardin ita ce cutar baƙin tabo, wadda wata funfuna mai suna Diplocarpon rosae ke haddasawa. Tana buƙatar ganye ya daɗe a jiƙe, kamar awa bakwai, kafin ta kama. Da farko za ka ga ɗigon baƙi mai gefe kamar an yayyage shi, sai kewayensa ya yi rawaya, sai ganyen ya zube. Daga ƙasa take farawa tana hawa sama, domin ruwan sama da ke fantsama daga ƙasa shi ke ɗaukar ta. Zuwa tsakiyar shekara sai ka tarar da sanduna tsirara da ɗan fure ɗaya a kai. Mai son wardi a Amurka a wancan zamani, dole ya ɗauki tankin feshi kowane mako ko biyu, ya tsinke mataccen fure, ya share ganyen da ya zube, in kuma a arewa yake ya tara ƙasa ya rufe gindin kafin ƙanƙara ta sauko. Mutane da yawa suka haƙura da wardi gaba ɗaya.

Mutumin da ya riƙa zuba wa shukarsa cuta

William Radler ɗan yankin Milwaukee ne a jihar Wiskonsin, wurin da sanyi ke da tsanani. Yana ɗan shekara tara ya sayi wardinsa na farko a kanti, a kan senti 49. Ya girma ya karanci tsara lambuna, ya kuma shugabanci lambun Boerner na yankinsu daga 1981 zuwa 1994. Haɗa iri kuwa a gida yake yi, a lokacin hutunsa, yana tsirar da 'ya'yan a ɗakin ƙasa ƙarƙashin fitilu. Tunaninsa shi ne, in ya tsufa ba zai iya wannan ɗawainiya ba, don haka ko dai ya rage wardinsa, ko ya samar da wanda ba ya buƙatarta.

Dabarar da ya bi ita ce ta fi burge ni a duk labarin. Maimakon ya kare shukokinsa daga baƙin tabo, sai ya riƙa tattara ganyayen da suka kamu, ya niƙe su a injin markaɗe na kicin, ya jiƙa lambun da ruwa daga sama, sannan ya barbaɗa garin a kan kowace shuka. Wadda ta kamu a cire ta. Wadda ta tsira ita ce za ta zama uwa ko uba a zagaye na gaba. Shekaru ya yi yana haka. A cikin kakannin irin da ya samu akwai Carefree Beauty, wanda Griffith Buck ya samar a jami'ar jihar Iowa, shi ma mutum ne da ya sa juriyar sanyi da cuta gaba da ƙawa. A 1989 wani ƙwayar iri guda ya tsiro a wurin Radler, aka yi masa rajista daga baya da sunan Radrazz. Shi ne Knock Out. Bayan shekarun gwaji ya ci lambar yabon sababbin wardi ta All-America Rose Selections ta 2000, sannan ƙannensa suka biyo baya: mai ninkin fure, mai ruwan hoda, mai rawaya.

Akwai abin da ya kamata a riƙe tun daga nan. Ba da iri ake yaɗa irin wannan wardi ba. Reshe ake yanka a dasa, ko a yi masa aure a kan saiwar wani. Ke nan duk jan Knock Out na asali da ke duniya jikin wannan tsiro guda ne na 1989. Abin da ɗaya ya jure duka za su jure, abin da ya kayar da ɗaya kuma zai iya kayar da duka.

Abin da yake buƙata a gaskiya

Radler ya cika alkawarinsa game da baƙin tabo, wannan babu ja. Amma tsakanin "ba ya buƙatar feshi" da "ba ya buƙatar komai" akwai tazara, kuma a bakin masu talla da masu kwangilar dashe tazarar ta ɓace. Bari mu ga abin da shukar ke so in za a yi mata adalci.

Rana tukuna. Awa shida a ƙalla, kuma ta safe ta fi, domin ita ke busar da raɓa daga ganye da wuri. A inuwa ba zai mutu ba, sai dai ya yi ta miƙa dogayen rassa furen ya ragu. Ƙasa kuma wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ana haƙa rami mai faɗi ninki biyu na tukunyar da ya zo a ciki, zurfinsa daidai da nata, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a dasa, a ba shi ruwa sosai. Sannan a lulluɓe kewayen gindin da ɓawon itace ko busasshen ganye mai kaurin santimita bakwai ko takwas, ba tare da ya taɓa jikin karan ba. Wannan lulluɓi yana riƙe laima, yana hana ciyawa, yana kuma hana ruwa fantsamo ƙasa kan ganye. Jami'ar Texas A&M, a shirinta na Earth-Kind, ta gwada wardi iri-iri a kan kusan wannan tsari, babu feshi babu takin zamani, Knock Out kuma yana cikin waɗanda suka tsallake.

Ban ruwa a gindi ake yi, da safe, mai yawa amma ba kullum ba, don saiwa ta bi ruwan ƙasa. Shekarar farko ita ce mai buƙatar lura, bayan nan yana jure ɗan fari. Taki kuma ba a gaggawa da shi. A bar sabon dashe ya yi zagayen furensa na farko tukuna. A wuraren da ake sanyi ana daina ba shi tun ƙarshen zafi, kada ya fitar da ɗanyen toho sanyi ya ƙone shi.

Aski shi ne inda aka fi yin sakaci. Tunda a kan sabon reshe yake fure, yanka shi ne ke ƙara masa fure. Sau ɗaya a shekara, lokacin da idanu suka fara kumbura, ana datse shi ya dawo kamar santimita 30 daga ƙasa. A Teksas tsakiyar Fabrairu ake yi, a jihohin arewa sai wajen Afrilu. Sabon shiga yakan ji tsoro in ya ga 'yan kututtura a tsaye, amma kafin shekara ta ƙare shukar ta ninka tsayin nan uku. Ana fara cire busassun rassa, sannan waɗanda suka gitta juna suna gugar juna, sannan sirara marasa ƙarfi. A yanka kaɗan sama da idon da ke kallon waje, domin sabon reshen ya fita waje ya bar tsakiya a buɗe iska ta ratsa. In ba a yi ba, a ƙasa mai ɗumi shukar da aka ce tsayinta mita ɗaya takan kusa mita biyu, ta cunkushe, ta rungumi maƙwabciyarta.

Sai batun tazara. Mita ɗaya tsakanin shuka da shuka shi ne mafi ƙaranci. Masu kwangila kuwa so suke wuri ya cika ya yi ja wur tun shekarar farko, don haka suka riƙa matse su, ɗaruruwa a layi, iri ɗaya tak, babu wani tsiro a tsakani. A ƙarshe akwai tsinke mataccen fure. Knock Out yana zubar da nasa da kansa ya ci gaba da fure, shi ya sa aka ce wa mutane ba sai sun tsinke ba. Gaskiya ne ta fuskar fure. Sai dai tsinke fure shi ne aikin da ke sa mai lambu ya tsaya dab da shukarsa kowane mako, ya ɗaga reshe, ya ga abin da ya canza. Da aka ɗauke wannan aiki, sai miliyoyin shukoki suka zauna babu mai duba su kusa, sai mai injin aski da mai injin hure ganye da ke wucewa.

Inda gizo ke saƙar

Cutar da ta zo ba sabuwa ba ce. Tun farkon shekarun 1940 aka ba da rahotonta a Manitoba ta Kanada da yammacin Amurka, a jikin wardin daji. Ana kiranta rose rosette. Ta daɗe ba ta dami kowa ba, sai da ta samu gada. Gadar ita ce wani wardin daji na gabashin Asiya, Rosa multiflora, wanda aka kai Amurka daga Japan a 1866 don a riƙa yin aure a kan saiwarsa. Daga shekarun 1930 hukumar kula da ƙasar noma ta Amurka ta riƙa ƙarfafa manoma su dasa shi don hana zaizaya da yin shinge. Tsuntsaye suka ci 'ya'yansa suka watsa, ya mamaye makiyaya da gefen dazuzzuka, har jihohi da dama suka ayyana shi muguwar ciyawa. Shi kuwa ba ya da juriyar wannan cuta ko kaɗan. Ta bi jikinsa ta yi gabas, jiha bayan jiha. Har an samu masana da suka yi murna, suna ganin an sami abin da zai rage wa manoma shi.

Mai ɗaukar cutar wani mitsitsin ƙwaro ne, Phyllocoptes fructiphilus, wanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Ƙafafunsa huɗu, ba shi da fiffike. Iska ke kwasarsa, ko ya rarrafa daga ganye zuwa ganye in shukoki na taɓa juna, ko ya hau tufafi da safar hannu. Inda yake ɓuya shi ne hammatar ganye, da cikin sabon toho, da ƙarƙashin koren ganyayen da ke riƙe gindin fure, wato daidai wurin da almakashi zai cire da ana tsinke mataccen fure. Ita kanta ƙwayar cutar bairos ce, kuma sai a 2011 masu bincike a jami'ar Arkansas suka gano ta.

To ka haɗa waɗannan: multiflora mai cuta a bayan gari, iska mai kaɗawa, dogayen layukan wardi iri ɗaya suna taɓa juna a kan tituna, injin hure ganye yana watsa ƙwarin, kuma babu mai dubawa. A nan ya kamata a yi wa Knock Out adalci. Bai fi sauran wardin lambu saurin kamuwa ba, kusan dukkansu suna kamuwa. Shi dai ya fi yawa, kuma shi aka fi matsewa aka fi yi wa sakaci.

Gane cutar da wuri yana da ɗan wuya, domin sabon tohon Knock Out mai lafiya ma ja ne. Bambancin shi ne, mai lafiya yakan koma kore cikin 'yan makonni, ganyensa ya buɗe daidai. Mai cuta yakan zauna a ja, ganyen ya tsuke ya murɗe. Reshen ya fito da sauri, ya fi wanda ya haife shi kauri, abin da ba ya faruwa a shuka mai lafiya. Ƙayoyi su yi masa yawa har su rufe kara, amma in ka taɓa su sai ka ji laushi, suna lanƙwashewa. Daga wuri ɗaya ƙananan rassa su fito cunkus kamar tsintsiya. Furen ya lalace, ko ya ƙi buɗewa. Shukar takan yi ta fama shekara biyu zuwa biyar kafin ta mutu, kuma duk tsawon lokacin nan tana rarraba cutar ga na kusa. Abu ɗaya da ke rikita mutane shi ne maganin kashe ciyawa. In iska ta kai feshinsa kan wardi, shi ma yana sa ganye ya tsuke ya cunkushe, sai dai ba ya kawo yawan ƙaya da kaurin kara. Shi ya sa jami'an gona ke cewa a kai reshe a gwada in ana shakka.

Ɓarnar ba ta tsaya a bakin titi ba. Lambun tsirrai na Fort Worth a Teksas, wanda sashen wardinsa ya samo asali tun shekarun 1930, sai da ya tumɓuke wardinsa. Lambun wardi na Tulsa a Oklahoma, sa'ansa a shekaru, ya yi asarar kaso mai yawa na shukokinsa. Waɗannan wurare ne da ke da ƙwararrun ma'aikata masu lura, amma iska ba ta san katanga ba. Wannan ne ɓangaren da ya fi ba ni takaici: sakacin da aka yi a wurin ajiye motoci na wani kanti, lambun da aka shekara tamanin ana renonsa shi ya biya.

Matakan da aka ɗauka

Magani babu. Bairos ɗin yana ratsa dukan jikin shukar har saiwa, don haka yanke reshen da ya nuna alama sau da yawa jinkiri ne kawai, bayan watanni sai ta ɓullo a wani reshen. Shawarar da jami'o'in yankin suka tsaya a kai ita ce a cire shukar gaba ɗaya da zarar an tabbatar. Ana fara rufa mata babbar leda daga sama a ɗaure, don kada ƙwarin su zube kan na kusa in ana jijjiga ta. Sannan a yanke daga gindi, a haƙo saiwar duka, a kai bola. Ba a jan ta a ƙasa ta cikin lambu, ba a kuma zuba ta a ramin taki.

Mutane da yawa sun ƙi yin haka, kuma ana iya fahimtarsu. Shukar tana nan da rai, rabinta ma tana fure, ga shi an ce a kashe ta. Amma duk makon da aka ƙara mata, na kusa da ita ake sayarwa.

Ga waɗanda ba su kamu ba, sai aka koma ga ayyukan da aka ce an huta da su. Askin ƙarshen sanyi ya zama wajibi, domin yana kwashe ƙwarin da suka kwana a saman rassa, kuma a tattara abin da aka yanka a fitar da shi. Tsinke mataccen fure ya dawo. An hana amfani da injin hure ganye kusa da wardi. In za a yi aiki, a fara da shukoki masu lafiya a ƙare da waɗanda ake zargi, a wanke safar hannu da tufafi. A nemi multiflora da ke kusa a kawar da shi. Feshin maganin ƙwari yana ɗan taimakawa a manyan gandaye, amma yawancin wanda ake sayarwa don sauran ƙananan ƙwarin ganye ba ya taɓa wannan, kuma babu feshin da ke warkar da shukar da ta riga ta kamu. A jami'ar Tennessee an gwada dasa doguwar ciyawar ado a gefen da iska ke fitowa, aka ga ta rage yawan kamuwa, tunda tana tare ƙwarin kafin su sauka. A 2014 ma'aikatar noma ta Amurka ta ba da tallafin dala miliyan 4.6 ga wani ayarin masu bincike ƙarƙashin David Byrne na Texas A&M, don inganta gwajin gano cutar da neman irin da ke jure mata. Wasu wardin daji na Arewacin Amurka sun nuna juriya, sai dai ɗauko wannan hali a sa shi cikin wardi mai maimaita fure aiki ne na shekaru, kamar yadda na Radler ya kasance.

A ganina gyaran da ya fi muhimmanci shi ne na tsarin dashe. Masu tsara lambu a yankunan da cutar ta yi ƙarfi sun rage dasa wardi ɗari a jere. Ana sa uku ko biyar, da tazarar da ko sun girma ganyensu ba zai haɗu ba, a raba su da wasu tsirrai da ƙwaron ba ya rayuwa a kansu, tunda shi wardi kaɗai yake ci. Wurin ba ya yin ja wur kamar da, amma in ɗaya ta kamu ana iya cire ta sauran su tsira. Shi kuwa Knock Out bai fita kasuwa ba. A 2018 ma ƙungiyar masu wardi ta duniya ta sa shi cikin jerin fitattun wardinta, kuma ya cancanta, domin ya dawo da wardi lambun mutanen da suka riga suka fid da rai.

Wanda ya cire shuka mai cuta yakan tambaya ko zai iya sake dasa wardi a gurbin. Zai iya, domin bairos ɗin ba ya zama a cikin ƙasa, ƙwaron ma ba ya daɗewa in babu wardi. Haɗarin yana ga guntayen saiwar da suka rage, waɗanda kan sake tohowa ɗauke da cutar. Don haka a ɗan dakata, a riƙa duba gurbin, duk tohon da ya leƙo a haƙo shi har tushe. Kafin a sayo sabo kuma a zagaya unguwa a dubi wardin maƙwabta da na bakin titi, musamman ta gefen da iska ke fitowa. In akwai mai cuta a can, sai an yi magana da mai shi tukuna, in ba haka ba sabon dashen ma zai bi sahun na farko.